Akuyar Mama da Ke Turke

Ranar da komai ya sauya mini, ina zaune ne a gindin mangwaro a gidan surukata a Miri, da littafin soyayya a cinyata, na kasa juya shafi.

Maigidana ya ce Ubangiji na kiransa ya bar aikin ofis, ya tafi bishara wani ƙauye da ko lantarki babu. Ni kuwa gidan mafarkina a unguwar Ɗan Iya yake, mai labule har ƙasa. Abin da ya fi damuna, cewa ya yi ba zai tafi ba sai na yarda. A littattafaina jarumi ba ya tambaya, hannu kawai yake kamawa.

Na ce wa surukata, "Mama, in nufin Allah ne, me zai hana Ubangijin ya tilasta mini in huta? Ai ko itacen nan na gonar Aidan, da shinge ya sa masa."

Tana tsince wake, ta nuna mini akuyarta da haɓa. Damina ce, an ɗaure ta saboda shuka.

"Bana ba ta ci dawar kowa ba. Kin ji ina yabon halinta?"

Na yi dariya.

"To, 'yata, Allah bai halicce mu don turke ba. 'Ya'ya yake so, masu zuwa da ƙafarsu."

Na daɗe ina kallon gajimare yana tafiya ba mai jansa.

Ku da kuka zauna ƙauye, me ake fara sawa a akwati? Na ce wa maigidana zan bi shi. Labulayen da na tanada ma na naɗe su.