Zaɓen da Ya Ci Karo da Ƙwallo

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da muka kira zaɓen ƙungiyar manoman rani a wani sashe tsakanin Kura da Bunkure ba. Lokacin ina malamin gona, 'yan shekaru bayan dawowar mulkin farar hula, kuma ni ofis ya ɗora wa sa ido a kan ƙungiyar.

Ga wanda bai san aikin ba, namu shi ne sako ruwa daga babbar magudana. Rabonsa a ƙananan magudanai kuwa aikin ƙungiya ne, shugabanta ke faɗin ranar da za a buɗe wa kowa ƙofar ruwa. Shugaban lokacin, Alhaji Dauda, gonakinsa da na surukansa duk a bakin ƙofa suke. Na can wutsiyar magudana sai abin da ya rage, in ya rage.

A wutsiyar nan akwai Baba Alhassan, dattijo mai noman tumatir. Da furfurarsa ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. In ya shiga gidan kallon garin, wata rumfar kwano mai janareta, shirin noma ko na tattaunawa yake roƙo a kama masa, samari na tsaki har a gama. Wata rana ya zo min ofis da kundin dokokin ƙungiya, duk ya yi laushi don juyi.

"Malam, duba nan," ya ce, ya ɗora yatsa. "Wa'adin Alhaji ya cika tun bara."

Ni na raba kundin nan da hannuna, amma wallahi ban taɓa wuce shafi na biyu ba. Kunya ta kama ni. Na kai maganar gaban shugaban sashenmu, ya ce, "To, a yi zaɓe, amma kada ka kwaso min rigima." Baba Alhassan ya tsaya takara. Ya bi gona-gona yana karanta wa mutane dokar, kowa ya rantse yana bayansa.

Dokar ta ce shugaba mai ci ke sa rana, malamin gona ya sa hannu. In kuma rabin mambobi ba su hallara cikin awa guda ba, mai ci ya zarce shekara biyu. Alhaji Dauda ya kawo takarda: Asabar, ƙarfe huɗu, a filin firamare. Na sa hannu ina hira. Sai a ranar na farga, daidai lokacin ne za a take wasa tsakanin wasu manyan kulob biyu na Turai.

Muka shimfiɗa tabarmi, na kira suna. Saura mutum tara a kai rabi. Daga inda muke muna jin janareta da ihun gidan kallo. Baba Alhassan ya tashi da kansa ya je, ya dawo yana haki.

"Sun ce in bari a tafi hutun rabin lokaci."

Aka tafi hutun, mutum uku suka zo. Sauran suka ce wanda ya tashi wani zai gaje masa benci. Alhaji Dauda dai yana jan carbi, yana duba agogo.

Baba Alhassan ya matso kusa da ni. "Malam, shafi na bakwai ya ba ka ikon ɗage zama sau ɗaya. Ka ɗaga mana zuwa gobe, don Allah."

Na duba, haka ne kuwa. Amma na tuna kashedin shugabana, ga mutanen Alhaji sun fara ɗaga murya. Kuma tunda gaskiya na zauna faɗi, na gaji, kulob ɗin da nake so ne ma ke wasa. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, lokaci ya cika." Na rubuta cewa mai ci ya zarce. Na samu kallon minti ashirin na ƙarshe a tsaye.

Ranin nan tumatirin wutsiya ya ƙone yana fure. Waɗanda suka ƙi tashi daga benci suka cika mana ofis suna zagin gwamnati, wai ba a damu da talaka ba. Baba Alhassan bai zo ba. Bayan watanni na gamu da shi a kasuwar Bunkure, ya bar noman rani, ya koma tsaron rumbun wani. Na soma kame-kame, ya tare ni.

"Malam, ni ban ji haushin Alhaji ba. Shi ya yi karatunsa, ya san kundin, ya san mutanensa."



Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya kaɗan ne. Mutanenmu ba su ƙi gyara ba, suna so ne a yi shi a madadinsu alhali suna kallon wani abu, kuma ni ma a cikinsu nake. Na yi shekaru bayan nan ina kiran taro, ban sake sa hannu a kan rana ba sai na aika an tambayo mai gidan kallo abin da zai nuna. A haka na yi ritaya.