Tumatirin da Malam Kailani Ya Bari

Duk wanda ya taɓa bi ta layin bayan kasuwar Tudun Wada da la'asar ya san awarar Naja'atu, ko da bai san sunanta ba. Ƙamshin ne ke fara tarbarka tun daga kwana, sannan ka hango ta a ƙofar gida kan 'yar kujera, gaban kaskon suya, tana yi wa wani faɗa. Kullum akwai wanda take yi wa faɗa. In ba 'yan makaranta masu zuba yaji kamar na gidansu ba ne, to mijinta ne, Malam Kailani mai gyaran fanka, wanda shagonsa ke manne da zauren gidan.

'Yar manomi ce daga Dutsen Abba. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, ba ya barin abin da ya nuna ya kwana a gona. Da zarar hadari ya haɗo, gidan kaf sai a miƙe, mai kwando da mai buhu, a kwashe shanyar barkono, a shigar da masara, har tsohuwar da ba ta gani sosai sai ta ja tabarma. Da wannan ta girma. Sai kuma Allah, cikin ikonsa, ya haɗa ta da mutumin da zai zauna yana kallon ruwa na dukan rigarsa a kan igiya, ya ce, "Ai gobe ma za a yi rana, Naja." Sama da shekara ashirin suna wannan rigima, ita tana gudu tana kwashe shanya tana masifa, shi yana zaure yana dariya. 'Yarsu ɗaya, Hanifa, ta yi aure tana Kaduna.

Wani da ya kawo gyaran dutsen guga ne ya saka wa Malam Kailani wasan noma a waya. 'Yar gona ce a cikin gilashi. Ka yi shuka da ɗan yatsa, ka ba ta ruwa, ta girma, ka girbe, ka sake shuka. Amma jefi-jefi, ba tare da an san dalili ba, wata shuka takan rikiɗe ta fito da kalar da ba tata ba, tana ƙyalli. Wannan abu ya shiga ran Malam Kailani. Mutum da furfurarsa, fankokin mutane jibge a gabansa, shi kuwa ya duƙufa kan tumatirin da ba ya shiga miya.

"Ɗan birni kenan," in ji Naja'atu. "Bai taɓa riƙe fartanya ba, yau shi ne sarkin noma."

Wata la'asar cikin bazara, tana tsakiyar suya, ya leƙo daga shago da waya a hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Naja! Zo ki gani! Wallahi na gano yadda ake yi!"

"Malam, don girman Allah ka rabu da ni, mai zai ƙone. Sai anjima."

"To, anjima ɗin," ya ce.

Can ya ce kansa na sarawa, bari ya ɗan kishingiɗa kafin magariba. Da aka kira salla ta shiga tashinsa. Bai tashi ba. A asibiti aka ce hawan jini ne.

Naja'atu ba ta yi kuka ba. Gida ya cika da mata, wannan na kuka, waccan na salati, ita kuwa tana miƙa musu tabarma tana nuna musu inda buta take. Aka ce ta ci abinci, ta ci. Aka ce ta kwanta, ta kwanta. Wasu suka ce tawakkali ne, wasu suka koma gefe suka ce taurin zuciya, ai dama ba ta raga masa ba yana raye. Duk ta ji, kuma bai yi mata zafi ba. Abin da take ji a ranta kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ne, ka taɓa ka san taka ce, amma ba ka jin komai.

Ta shiga takaba. Ta kife kasko, ta daina fita. Mutane suka yi ta raguwa, Hanifa ma ta koma gidanta. Yayan marigayin, Malam Yusha'u na Tudun Jukun, dattijo ne mai tsoron haƙƙi, ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata bayani. In ta fita takaba za a tattara duk abin da Kailani ya bari, kayan shago da tufafi har da waya, a yi musu kima a raba yadda addini ya ce. Wayar za a kai ta kasuwa a goge a sayar. Kafin nan ta riƙe, tunda masu ta'aziyya na kira.

Wani mai ta'aziyyar ne ya kira ranar. Da suka gama, yatsanta ya taɓa wani ɗan hoto, sai ga gonar ta buɗe. Komai ya nuna, masara da kabewa da tumatir, an bar su tsaye ba a girbe ba.

"Kai dai, Malam," ta ce a fili.

Ta bi ta girbe su tas. Sai a kusurwar gonar ta ga wani tumatir guda, shuɗi kamar an tsoma shi a bula, yana ƙyalli a hankali. Ta janye yatsanta. Shi ne abin da aka kira ta ta gani.

Daga ranar ta samu abin yi. Ba daɗin wasan take ji ba, ba ta jin daɗin komai. Magana ce aka fara yi mata ta ce sai anjima, kuma so take ta ji ƙarshenta kafin a goge wayar. Ta shuka tumatir kusa da shuɗin, ko zai ɗauka daga maƙwabcinsa, ya fito ja. Ta ƙara taki, ja. Ta ninka ban ruwa, ta hana ruwan, ta jera wake a tsakanin layuka yadda mahaifinta ke yi. Ta gwada shuka daidai la'asar, lokacin da ya kira ta. Har riƙe wayar ta yi da hannun hagu, don shi bahago ne. Kullum ja, ja, ja, kamar na kasuwa.

Wasan yana da hadarinsa. Wani lokaci sai saman gonar ya yi baƙi, a ji rugugi ƙasa-ƙasa. Da ta ji haka sai yatsunta su hau aiki, kafin ɗigon farko ya sauka ta kwashe duk abin da ya nuna. Ba ta taɓa sa wannan cikin abubuwan da take gwadawa ba. A wajenta wannan ba dabara ba ce, hankali ne kawai, wane mahaukaci ne zai bar amfanin gona ruwa ya dake shi?

Maƙwabciyarta Obianuju, mai shagon kayan masarufi, wadda kowa ke kira Maman Dozie, ita ke karɓar wayar ta katanga ta sa mata caji in an ɗauke wuta. A Tudun Wada aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Wata rana ta shigo da wayar da kanta, ta tarar da Naja'atu zaune a inda ta bar ta jiya.

"Maman Hanifa, ke kuwa me kike nema a cikin abin nan? Kin rame fa."

Naja'atu ta nuna mata shuɗin tumatirin. Obianuju ta karanta ɗan Turancin da ke samansa, ta ce cewa kawai aka yi ya rikiɗe, ba a faɗi dalili ba.

"Bari in kira Dozie a Legas. Yaran nan babu abin da ba su sani ba, yanzu zai gaya mana."

"A'a, bar shi."

"Don me?"

"Ba Dozie ne ya kira ni in gani ba."

Obianuju ta miƙa mata wayar. Can ta ce to ta roƙi Malam Yusha'u mana, a sa wayar cikin kasonta. Naja'atu ta girgiza kai. Da wane baki? Mace mai takaba, wadda ko hawaye ba a gani a idonta ba, ta dubi yayan mijinta ta ce a bar mata waya saboda wasa? Ai sai unguwa ta ɗauka.

Damina ta sauka, ta yi nisa. Takaba ta zo ƙarshe. Naja'atu na zaune a tsakar gida da hantsi, gonar cike da jan tumatir da ya nuna, tana shirin girbi, sai ta ji sallamar Malam Yusha'u a zaure. Ta yi sauri ta tura wayar ƙarƙashin hijabi, ko rufe wasan ba ta samu yi ba. Ya shigo ya zauna nesa kaɗan, ta sunkuyar da kai, aka gaisa, aka sake gaisawa. Ya ce jibi in Allah ya kai mu zai zo da mai mota bayan la'asar a kwashi kayan. Daga nan ya shiga nasiha kan haƙuri. Malam Yusha'u kuwa in ya kama nasiha, sai dai a yi masa addu'a.

Yana cikin magana ta ji ɗan rugugi a jikin cinyarta. Hadarin wasan ne ya taso. Yatsunta suka motsa da kansu, ta danne su. Ba dama ta ciro waya a gaban yayan miji yana ambaton lahira. Ta ji saukar ruwan, siriri, kamar ana zuba gero a faranti. Ta ji tsawa. Dattijon da kunnensa ya yi nauyi bai ji komai ba, ya ci gaba da jawo ayoyi. Ita kuwa tana zaune tana cewa "Haka ne, Yaya," amfanin gonarta na shan duka.

Da ya tafi ta ciro wayar. Ruwan ya ɗauke. Tumatir na nan tsaye yana ɗiga, kuma a tsakiyar layi, biyu sun koma shuɗaye suna ƙyalli.

Ta daɗe tana kallo. Ashe abin kenan. Ba taki, ba iri, ba hannun hagu. Ka bar abin da ya nuna a tsaye, hadari ya zo ya same shi, shi ke nan. Ta sake shuka don ta tabbatar, ta jira hadari na gaba, ta zauna a kan hannuwanta har ya wuce. Wata kabewa ta rikiɗe. To wa zai gano wannan in ba Kailani ba? Sakacin nan nasa da ta yi shekaru tana yi masa masifa a kai, shi ya kai shi. Kuma ta san abin da ya sa ya kira ta da murna haka. So yake ya ce, kin gani ko, Naja, wani lokacin barin shanyar ma yana da rana. So yake ta harare shi, ta ce Allah ya shirye ka, shi kuma ya yi dariya.

Ta ɗaga kai wajen ƙofar shago, bakinta a buɗe. Ƙofar na rufe da kwaɗo. Ta mayar da bakinta ta rufe.

Ranar da za a kwashi kayan, ta tashi da sassafe ta wanke tufafinsa duka, don ba za ta miƙa wa dangi kaya da ƙurar akwati ba. Ta shanya su a igiya, jamfofi da wanduna da tsohuwar rigar nan mai ruwan ƙasa da yake sawa a shago, wadda gaban aljihunta ya ƙone da dalma. Ta buɗe gonar, ta shuka ko'ina, ta jira komai ya nuna. Ba ta girbe ba. Ta bar ta yadda ya bar ta, da tumatirinsa a kusurwa, ta kashe wayar ta ɗora a kan akwatin kayan aikinsa.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, ƙofofi suka fara bugawa, unguwa ta ruɗe da kiran yara da ƙarar kwanuka. Obianuju ta leƙo ta katanga da kwandon kayanta a ka.

"Maman Hanifa! Shanya! Ga ruwa nan!"

Naja'atu na zaune a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta.

"Maman Hanifa, ba ki ji ba ne? In zo in kwashe miki?"

"Bar su," ta ce.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya daki jamfofin, ya daki wandunan, igiya ta yi ta lilo. Aka yi tsawa har sau biyu. Tun da aka haife ta ba ta taɓa zama ta kalli ruwa na dukan shanya ba, yau ta kalla har ya gaji ya tsagaita.

Sai ta tashi, ta taka cikin ruwan da ya kwanta a tsakar gida, ta je gaban igiya. Ta san babu abin da za ta gani, ba yarinya ba ce. Duk da haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Farar jamfa na nan fara. Rigar shago na nan da ruwan ƙasarta, da ƙunar dalmarta, jiƙe sharkaf, babu kowa a cikinta.

"Na gani, Malam," ta ce. "Ga ni na zo."

Malam Yusha'u ya yi sallama a zaure har sau uku ba a amsa ba. Obianuju ce ta fito ta ce masa ya ɗan jira tukuna, matar ƙaninsa na kuka.