Motar Abokina Mai Ido a Ƙeya

Shekarun baya, a shekarar da aka fito da naira ashirin ta leda, mutane suna ta murza ta don su ga ko za ta yage, na yi noman tumatir a wata gona can ƙarshen kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Allah Ya sa wa ranin albarka. Matsalar gonar ɗaya ce: hanyar shigarta 'yar siririya ce a kan gaɓa, kanal a gefe guda, jiƙaƙƙun gonakin alkama a ɗaya gefen, kuma babu wurin juyawa a ƙarshenta. Duk motar da za ta ɗauko kaya sai dai ta shiga da baya, wani yana bayanta yana ce wa direba "taho, taho," in ya hango haɗari ya buga mata tafin hannu a jiki.

Ranar da muka yi babbar tsinka, tun hantsi 'yan ƙwadago suka cika kwanduna. Na riga na gama magana da dillali cewa kayana za su hau tirelar da za ta tashi daga Kwanar Gafan zuwa Legas bayan la'asar. Sai aka aiko min cewa a-kori-kurar da muka yi alkawari da ita ta lalace a Garun Mallam. Lokacin tsinka ne ga kowa, babu motar da ke zaune. Nunannen tumatir kuwa in ya kwana a kwando ya tashi daga kayan Legas, sai dai a yanka a shanya a sayar da arha. Wahalar rani guda ce a cikin kwandunan nan, da abincin gidana har damina.

Ina zaune a bakin titi ina jan carbi, sai wata baƙar jif ta tsaya a gabana. Gilashi ya sauka, na ga abokina ne. Unguwa ɗaya muka tashi, gonakinmu ma a da suna maƙwabtaka, kafin ya bar noma ya koma fataucin shinkafa Allah Ya buɗa masa. Motar ba sabuwa ba ce, wani ya ci zamaninta a ƙasar waje kafin ta biyo ta Kwatano, amma a wajenmu ba a taɓa ganin irinta ba.

Ya ce, "Malam, lafiya ka zauna kamar wanda aka yi wa yaji?"

Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce in hau.

Na ce, "Alhaji, wannan ai motar zuwa ɗaurin aure ce, ba ta kwando ba."

Ya ce, "Ba a gaya mata ba tukuna. Hau kawai."

Da muka isa bakin gaɓa ya juya ta, ya sa giyar baya. Sai wata 'yar talabijin da ke kusa da sitiyari ta kama, ga hanyar bayanmu tar a ciki, har da wata akuya tana tsallakawa. Wani rubutu ya fito a ƙasa, shi ba boko ba, shi ba ajami ba, na yi ta ƙura masa ido ban tsinci ko harafi ɗaya ba. Ya ce wata 'yar kyamara ce a saman lambar mota, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Na ce masa ikon Allah ya fi haka, amma ni ba zan damƙa amanar mota irin wannan ga ƙwayar gyaɗa ba. Tun ina saurayi nake shigar da motoci wannan hanya. Ya ce ba sai na sauka ba. Na sauka.

Na tsaya a bayanta, fuskata na kallonta, ina ja da baya ina yafito shi da hannu biyu. "Taho, taho. Karya kaɗan. Miƙe." Shi kuwa ko waiwaye bai yi ba, idonsa na kan talabijin, yana biyo ni a hankali. 'Yan ƙwadago suka bar kwanduna suka tsaya kallo. Ni ma na ji daɗin kaina, har na ƙara ɗaga murya.

Abin da ban sani ba, a daidai inda ake buɗe ruwa zuwa gonaki, gaɓar ta zaizaye ta yi rami. Na ce "taho" na ƙarshe, na aza ƙafa a kan iska. Kafin in gama salati ina cikin kanal, ruwa har ƙirji, hulata ta kama hanyar Bunkure ita kaɗai.

Motar ta tsaya cak, tayar baya saura kaɗan ta faɗa ramin. Ya fito ya miƙo min hannu, sai da ya tabbatar ban ji ciwo ba, sannan ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa yana dariya har da hawaye.

"Malam, ina cikin kallonka a talabijin, shiri ya yi daɗi, sai kawai aka ɗauke ka."

Ya ce shi ya hango ramin tun da nisa, yana ta danna min hon, ni kuma na ɗauka jinjina ce.

Aka cike ramin da ƙasa da ciyawa. Aka shimfiɗa min buhu a kujerar gaba na zauna ina ɗigar ruwa, na bi sauran hanyar da ido a cikin talabijin. Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa leda, aka jera kwanduna. Sawu bayan sawu ya yi ta shiga da baya yana fitowa da gaba. Ana kiran la'asar kwandona na ƙarshe ya hau tirela.

Har yau in na ga direba yana ribas yana kallon gabansa, sai in yi murmushi. Na daina yi wa abin da ban sani ba gardama da ƙarfi. Ina dai tambaya, amma daga zaune.

Bayan mun idar da sallah na dubi motar, ruwan tumatir ya bi kujerun fata, ƙasa ta cika ko'ina. Na ce ya bar min ita in sa a wanke, kuma ya zaɓi kwandon da ya yi masa a tsinka ta gaba.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ka manta ranin da irina ya kusa ƙonewa, ranar ban-ruwanka ce, ka toshe naka ka sakar min ruwan? Kai ka manta, ni kullum yana raina."

Gaskiya na manta. Na ce, "To Alhaji, yau ka biya."

Ya ce, "Na biya har da ƙari. Ni gona kawai ka jiƙa min, kai kuwa yau har hularka sai da na jiƙa."