Takardar da Gwaggona Ta Sha

Lokacin ina ma'aikacin jinya a wata ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani, a Maraɗi, zamanin Faransa, ban daɗe da barin lakkal, makarantar boko, ba. Lokotoronmu Bature ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, saboda haka duk bayanin ciwo a bakina yake. Ni kuwa a wancan lokacin ina ji da kaina, na iya boko na iya ajami.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, maginiyar tukwane ce a Jiratawa. Randar da ta gina, ko a Tsibiri aka gan ta an san hannunta ne. Wata rana ta zo ta nuna mini wani farin tabo a damtsenta, ta ce yatsunta biyu sun daina jin laka. Lokotoro ya duba ya ce kuturta ce. Ya ce idan ta riƙa shan ƙwayoyin da aka fara kawowa a shekarun nan, ta kuma kiyaye wuta, hannun zai tsira. Na faɗa mata, ta gyaɗa kai, amma na ga babu abin da ya shiga. Tsoro ya toshe mata kunne.

Sai dabara ta zo mini. Na yago shafi huɗu daga littafin aiki, na rubuta da ajami labarin wata mata mai irin ciwonta. Na sa yadda tabon yake farawa, da yadda hannu yake ƙonewa mai shi bai sani ba, da cewa ba baki aka yi mata ba, ba kuma sammu ba ne. Na sa matar tana duba tafinta kowace yamma kamar yadda ake duba tukunya ko ta tsage. Na ba Gwaggo, na ce ta kai wa malamin unguwarsu ya karanta mata. Ranar na koma gida ina yaba wa kaina.

Bayan mako biyu ta dawo da sabuwar ƙuna a tafin dama, ta ɗauki murfi mai zafi wajen gashin tukwane. Ina wanke ciwon na tambaye ta takardar.

"Na shanye ta, ɗana," in ji ta. "Kwana ukku ina sha. Amma tawadar Nasara akwai ɗaci."

Wanke rubutun ta yi a ƙwarya, kamar yadda kowa yake yi da rubutun malam. Ƙwayoyin kuma ta ajiye su, don ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta bar ni na gama.

"Wa za ni kai ma ita?" ta ce. "In malam ya karanta, matatai ta ji. In ta ji, gobe wa zai sha ruwa cikin randata?"

Kunya ta kama ni. Duk wayona ban yi wannan tunanin ba.

Na sake rubuta labarin. Ranar karɓar ƙwaya na kai ta bayan ɗakin ajiya, gindin wata bishiyar bedi, na zauna a ƙasa na karanta mata da kaina. Da na kai ƙarshe ta yi tsaki.

"Wagga mata taka ba mutum ba ce. Ko tsoro ba ta ji? Sa mata tana ɓoye hannu cikin mayahi in ta tahi kasuwa."

Na sa. Mako na gaba ta ce matar ta cika biyayya, a sa ta ƙi shan magani sau ɗaya, ta ga abin da ya biyo baya. Na sa wannan ma. Sannu a hankali masu jiran ƙwaya suka fara matsowa. Wani manomi daga Tsibiri ya ce a ƙara yadda ƙaya take shiga ƙafa ba a sani ba. Shafi huɗu suka zama goma sha wani abu, rabinsu ba nawa ba ne. Gwaggo ba ta sake tsallake ƙwaya ba, ta kuma ɗinka wa kanta tsumma mai kauri na ɗaukar abu mai zafi. Duk da haka ƙaramin yatsanta ya tafi, kuma har yau ina ganin da laifina a ciki.

Wata ranar, bayan kowa ya watse, ta tsaya tana juya hannunta.

"Ɗana, ba ka taɓa hwaɗi ba. Ita matar, ta ci gaba da ginin tukwanenta?"

Ban rubuta wannan ba, don ni ma ban sani ba. Na dubi yatsunta tara, na ce ta ci gaba, har ta tsufa.

Ta turo mini alƙalamin da ke gefena.

"Kak ka gaya mini da baki," ta ce. "Rubuta."