Ƙahon da Aka Yi wa Baba

Edita, mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe min, domin an kwana biyu, kuma a lokacin hankalina ba a kwance yake ba. Ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune a gida, a wani ƙauye kusa da Lafagu. Mahaifina dillalin shanu ne, yana cin kasuwanni har tsallaken iyaka. Daga can ya dawo da zazzaɓi da tari a shekarar korona, numfashi ya gagare shi, muka kai shi asibitin birni. Allah ya ba shi sauƙi, sai dai sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Likita ya ce, idan na fahimce shi daidai, irin wannan cutar takan sa jini ya daskare a cikin jijiya, gudan kuma yana iya ɓallewa ya toshe huhu. Ya ba mu ƙwayoyin tsinka jini.

Da na yi bayani a gida, baffana, wan Baba, ya ce ai wannan mataccen jini ne, aikin wanzami. Na ce ina ganin ba ɗaya ba ne. Baba ya yi dariya, ya kira ni likitan takarda, ya tambaye ni ko ba labarin ƙasa na karanta ba. Aka kafa masa ƙaho ina tsaye. Tsagar ta ƙi daina zubar da jini har yamma, kowa ya ce ƙwayoyin ne ke shanye masa jini. Baba da kansa ya rantse ba zai ƙara haɗiyarsu ba. Na roƙe shi, na sa Inna ta roƙe shi, na kira likitan a waya, Baba ya ƙi karɓar wayar. Wata safiya yana alwala ya dafe ƙirji. Muka sa shi a mota, amma ba mu kai asibiti da shi da rai ba.

Ba a bincika gawar ba, don haka ba zan rantse cewa gudan jinin ne ba, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Ban zargi baffa ba, ƙaninsa yake so. Amma don Allah, wanda ya tashi daga ciwon ƙirji ƙafarsa ta kumbura, kada a tsaga, kada a daina magani sai an tambayi likita.

Waɗanda suka shaida abin, in na yi kuskure su rubuto su gyara min. Musamman direban da ya ɗauke mu: ina so in san ko Baba ne ya yi kalmar shahada a motar, ko muryata ce nake tunawa.