Ƙwaryar Rijiyoyi

Allah Ya gafarta wa Kyauta, mai zanen ƙwarya a Cadakori. Da wuƙa mai zafi take zane, 'yan matan unguwa na kewaye da ita, kuma al'adarta ce ba ta bayyana ma'anar zane sai yarinya ta fitar da shi da hannunta. Ta haka suka san taurarin shuka, da gawo mai zubar da ganye da damina.

Akwai ƙwarya guda da ta zana rijiyoyin da kakanninmu suka shayar da shanu, tun daga arewa har suka zauna nan. Jikarta Habi ta sha roƙonta sunayensu.

"Haba 'yar nan, hannunki na rawa kamar na mai zazzaɓi!" in ji Kyauta. "Sai baɗi, in Allah Ya kai mu."

A shekarar 'yancin ƙasa aka kai Habi lakol, makarantar boko, a Maraɗi. Kafin ta dawo hutu, wa'adin tsohuwar ya cika.

Ƙwaryar tana ɗakin Habi har yau. Muna ganin rijiyoyin sarai, amma babu wanda ya san sunan ko ɗaya.