Salansar Motar Baba

Ranar da ƙanena ya shigo layinmu na Rijiyar Lemo da sabuwar salansa, ina tsakar gida ina tankaɗe. Wallahi na zaci tiransifoma ce ta fashe. Na yar da rariya na fito ba ko mayafi, sai ga motar Baba a ƙofar gida tana ruri, shi kuma gogan yana ciki yana ƙara taka totur.

Innalillahi! Motar nan Baba ya saye ta tun yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Da idanunsa suka daina gani ya miƙa wa ƙanena makullin. Yaron nan ya sa mata faffaɗan taya, na yi shiru. Ya durƙusar da ita har tana shafar ƙasa, ya liƙa baƙin gilashi, na yi shiru, tunda Baba ba gani yake ba. Amma murya? Muryar motar nan kaɗai ta rage masa. Kullum bayan la'asar yana zaune a soro, tun daga kwanar masallaci yake gane tarinta, ya ce, “Ga ɗan nan ya dawo, a buɗe masa get.” Ni na yi aure a wata unguwa, sai ƙarshen mako nake zuwa, amma na san wannan zaman shi ne jin daɗinsa na yini.

Na ce, “Kai, ka haukace ne? Ina salansar Baba?”

Ya ce, “Yaya, ta ruɓe. Wannan tukunyarta ƙarama ce, bututun kuma miƙaƙƙe, iska ta fi fita.”

“Iska ce a kanka! Gobe za ka mayar da ita.”

Baba ya ce daga soro, “Ki bar yaron nan da abinsa.” Na ɗauka kawaici ne irin nasa, mutumin da ko gishiri ya yi yawa a miya ba zai faɗa ba. Sai na ƙara hawa.

Washegari ƙanena ya ce ai mai waldar da ya ɗaura masa sabuwar ya riga ya ba 'yan gwangwan tsohuwar. Na ce to, a nemo mai irin muryarta, kuma ba wanda ya san muryar kamar mai motar, don haka da Baba za mu tafi. Baba ya yi ta noƙewa, wai ƙafarsa, wai rana. Ban saurara ba, ni na ɗauko masa hula da sanda.

Kunyar da na sha a hanya ba ta faɗuwa. A shataletalen Bata 'yan adaidaita suna leƙo mu, wata mai tallan ayaba ta toshe kunne ta ja tsaki. Na nutse a kujerar baya. Na lura Baba ya ɗora tafinsa a jikin ƙofa yana ɗan murmushi, na ce a raina, Allah sarki, dattijo yana daurewa.

Mai waldar yana can cikin Sabon Gari, wani ƙaƙƙarfan Inyamuri mai Hausa tas. Salansa rataye a bangon shagonsa kamar ƙwarya a rumfar kasuwa: masu doguwar tukunya, masu baki biyu, na gwanjo da ƙirar gida. Ya kawo wa Baba benci ya ce, “Sannu Alhaji.” Na yi masa bayani. Ya ce babbar tukunya ita ke shanye ƙara, ya zaɓo wata ta gwanjo, ya shiga ƙarƙashin mota ya cire ta ƙanena, ya ɗaura wannan da noti kawai don a gwada kafin a yi walda.

Ƙanena ya murza makulli. Motar ta tashi, sai ga muryar nan, har da ɗan tarin da take yi. Tsigar jikina ta tashi. Na juya ina jiran Baba ya ce ita ce.

Yana zaune, hannu biyu a kan sanda, fuskarsa na kallon bayan motar, hayaƙin ma yana kaɗa masa bakin riga. Ya gyara zama ya ce, “To, ku tayar da ita mana mu ji.”

Mai walda ya dube ni. Na dubi ƙanena, ya kifa kai a kan sitiyari. Na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Na matsa kusa da kunnensa na ce, “Baba, ai a kunne take.”

Ya ce, “Tun azumin bara ban ƙara jin ta ba. Maganarku ina kamawa in kun matso, ke kuwa dama muryarki ba ta ɓuya. Amma motar, sai dai in ji hannun ɗan nan a kafaɗata. Jiya na ji shi tun daga titi.”

A nan, gaban mai walda da masu wucewa, na fashe da kuka. Ƙanena ya fito ya tsuguna ya ce, “Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba, ina son ƙarar. Amma ni nake dawowa kullum in tarar ba a buɗe get ba. Baba ne ya hana ni faɗa miki.”

Na share fuska da mayafi na ce wa mai walda ya mayar da ta ɗazu, kuma ya yi mata walda mai kyau.

Maƙwabta sun yi ƙorafi, har limamin layinmu ya aiko. Ni na je gida gida na ba da haƙuri, aka daidaita a kan ba zai taka totur da asuba ko lokacin salla ba. Asabar ɗin da ta biyo baya ina soro tare da Baba bayan la'asar, sai ga rurin nan daga nesa, har ƙyauren yana rawa. Baba ya ɗaga kai, ya laluba sandarsa.

Ya ce, “Ga ɗan nan ya dawo. Tashi ki buɗe masa get.”